Waƙa a Bakin Mai Ita, Ma'ana a Kunnen Wa? Nazari a Kan Waƙar "The One I Love" ta Ƙungiyar R.E.M.

1.0 GABATARWA

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In dai daɗin rerawa ake nufi, ba mai musun wannan magana. Amma da zarar an koma ga batun ma'ana sai al'amarin ya ɗauki wani salo, domin waƙa ba ta zama a bakin mai ita. Takan fita ta shiga kunnuwan da mawaƙin bai sani ba, ta kwana a zukatan mutanen da bai taɓa tunaninsu ba, kuma a can ne ake yanke mata hukunci. Sau da yawa abin da mawaƙi ya shuka daban, abin da mai sauraro ya girba daban. To, idan haka ta faru, wa ya yi kuskure? Mawaƙin da ya kasa isar da saƙonsa, ko kuwa mai sauraron da ya ji abin da ransa ke so?

Wannan ɗan nazari zai duba wannan matsala ta hanyar feɗe waƙa guda ɗaya tak, wato "The One I Love", wadda wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Amurka mai suna R.E.M. ta fitar a shekarar 1987. An zaɓe ta ne saboda kalmominta kaɗan ne ƙwarai, ba kuma a ɓoye suke ba, amma duk da haka ɗimbin masu sauraro suka ɗauke ta waƙar soyayya, har suna aika wa masoyansu ita ta gidajen rediyo, alhali wanda ya rubuta ta ya ce cin zarafi ne tsagwaronsa. Za a fara da gabatar da makaɗan, sannan a dubi zubi da tsarin waƙar, da yadda jama'a suka karɓe ta, da dalilan saɓanin fahimtar da aka samu, kafin a auna wane ne ya fi kusa da gaskiya.

2.0 MAKAƊAN DA MUHALLINSU

A watan Afrilu na shekarar 1980 ne wasu samari huɗu suka yi wasansu na farko a wani tsohon coci da ke garin Athens na jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Garin na 'yan jami'a ne, bikin kuwa na zagayowar ranar haihuwar wata ƙawarsu. Samarin su ne Michael Stipe mai rera waƙa, da Peter Buck mai kaɗa jita, da Mike Mills mai kaɗa jitar da ke ba da amo mai kauri, sai Bill Berry mai ganguna.

Irin kiɗan da suke yi shi ake wa laƙabi da indi rok, wato kiɗan rok na masu cin gashin kansu. Sunan ya samo asali ne daga ƙananan kamfanonin faifai waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwa. Manyan tashoshin rediyo ba su cika saka irin waɗannan faya-fayai ba, saboda haka gidajen rediyon jami'o'i, waɗanda ɗalibai ke gudanarwa, su ne suka zame musu kasuwa. A 1981 wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Hib-Tone ya fitar musu da waƙar "Radio Free Europe". A 1982 suka shiga kamfanin I.R.S., wanda ya fitar da kundin waƙoƙinsu na farko, Murmur, a 1983. Mujallar Rolling Stone ta zaɓi wannan kundi a matsayin wanda ya fi kowane a shekarar, har ta fifita shi a kan Thriller na Michael Jackson.

Akwai abu guda game da waɗannan shekaru na farko wanda ya shafi nazarinmu kai tsaye. Sunan kundin nasu na farko yana nufin magana ƙasa-ƙasa, kuma haka Stipe yake rera waƙa a lokacin: yana haɗiye kalmomi, muryarsa tana nutsewa cikin kiɗa. Bugu da ƙari, ƙungiyar ba ta buga baitocin waƙoƙinta a bangon faifai kamar yadda wasu suke yi. Sai a 1988, a kundin Green, suka buga baitocin waƙa guda ɗaya. Wannan ya sa magoya bayansu suka saba da sauraron amon murya fiye da kalmomi, kowa yana cike gurbin abin da bai ji ba da abin da ya ga dama.

Daga 1986 abin ya soma sauyawa, muryar Stipe ta fito fili. Kundinsu na biyar, Document, wanda suka shirya tare da Scott Litt a 1987, kalmominsa a sarari suke, kuma siyasa ta yi yawa a cikinsa. Lokacin Ronald Reagan yana zangon mulkinsa na biyu, kundin kuwa yana ɗauke da waƙa a kan katsalandan ɗin Amurka a ƙasashen Amurka ta Tsakiya, da wata a kan dawowar irin zamanin Sanata Joseph McCarthy na farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci. A tsakiyar waɗannan ne "The One I Love" ta fito. Ta hau zuwa lamba 9 a jadawalin mujallar Billboard na waƙoƙi ɗari da suka fi tashe, karo na farko ke nan da ƙungiyar ta shiga goman farko. Kundin ya zama na farko da suka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a Amurka. Shekara na zagayowa suka bar I.R.S. suka koma babban kamfanin nan na Warner Bros.

3.0 ZUBI DA TSARIN WAƘAR

Waƙar ba ta wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi ba. Baitoci uku gare ta, kowane da ɗangwaye huɗu, sai amshi a tsakaninsu.

Ɗango na farko sadaukarwa ne, irin wanda ake ji a shirin gaishe-gaishe na rediyo, inda mai magana ke aika waƙar ga abin ƙaunarsa. Ɗango na biyu ya ƙara bayani cewa wannan abin ƙauna an tafi ne an bar shi a baya. Har zuwa nan babu abin da zai tayar wa mai sauraro da hankali, begen matafiyi ne kawai. A ɗango na uku ne wuƙar take, inda mai maganar ya siffanta wannan mutum da wani abu marar rai kuma marar muhimmanci, wanda ya yi amfani da shi don ya rage lokaci. Ɗango na huɗu sai ya maimaita na farko kamar ba a ce komai ba.

Kalmar Ingilishin da aka yi wannan siffantawa da ita tana da fuska biyu. Tana nufin tokari, wato abin da ake tallafe bango ko rumfa da shi. Tana kuma nufin kayan da ake girkawa a dandalin wasan kwaikwayo, kamar kujera ko sanda ko tulu, waɗanda ake amfani da su a wata fitowa, da an rufe labule a kwashe su a jibge a ɗakin ajiya. Ko wace fuska aka ɗauka, sakamakon ɗaya ne, mutum ya koma abu. Ɗaliban adabin Hausa sun san wannan dabara da sunan abuntarwa, ɗaya daga rassan jinsintarwa kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya kasa su a gadonsa na feɗe waƙa. Abin lura a nan shi ne, abuntarwar da ke cikin wannan waƙa ta wuce adon harshe. Ita ce laifin da waƙar take ba da labarinsa. Dabarar salon da jigon waƙar sun zama abu guda.

Baiti na biyu maimaicin na farko ne, ba ragi ba ƙari. Na uku ma haka ya faro, har mai sauraro ya saki jiki yana jin ya haddace. Sai da aka zo ɗango na uku aka sauya 'yan kalmomi, aka nuna cewa wani abin rage lokacin daban ya riga ya maye gurbin na farko. Wannan ɗan sauyi shi ne gaba ɗayan labarin waƙar. Da a ce an tsaya a baiti na biyu, da sai mu ce mutum ne da ya yi kuskure sau ɗaya. Baiti na uku ya nuna mana cewa hali ne, kuma wannan sadaukarwa mai daɗin ji an yi wa wasu irinta a baya, za a kuma yi wa wasu a gaba. Maimaicin da ke cikin zubin waƙar hoto ne na maimaicin da ke cikin halin mai maganar.

Amshin kuwa kalma ɗaya ce rak, wadda Stipe ke ja da ƙarfi kamar mai ihu, kuma ma'anarta wuta. A Ingilishi wannan kalma guda tana iya zama wutar so da mawaƙa suka saba ambata, tana iya zama kururuwar da ake yi idan gobara ta tashi, tana kuma iya zama umurnin da ake bai wa soja na ya yi harbi. Waƙar ba ta zaɓi ɗaya ba. A bayan wannan ihu ana jin muryar Mike Mills can ƙasa tana ambaton wata mace, amma kiɗa ya kusa danne ta. Hoton wuta ya ratsa wasu waƙoƙin kundin, har ma a bangonsa an rubuta cewa a adana shi a ƙarƙashin babin wuta.

Akwai wani abu da Bahaushe zai fi saurin lura da shi fiye da Bature. Sunan waƙar ba ya fassaruwa zuwa Hausa kai tsaye sai an zaɓi jinsi, ko dai "wanda" ko "wadda". Ingilishi bai tilasta wannan zaɓi ba, kuma baitocin uku ba su bayyana ko namiji ne ko mace ba. Babu suna, babu siffar jiki, babu gari, babu rana. Gurbi ne a buɗe wanda kowa zai iya saka wanda ya ga dama a ciki. Za mu ga yadda wannan ya yi tasiri.

4.0 YADDA MASU SAURARO SUKA KARƁE TA

Ana iya kasa fahimtar da aka yi wa waƙar gida uku.

Rukuni na farko, kuma mafi yawa, su ne waɗanda suka ɗauke ta waƙar soyayya. Su ne suka riƙa buga waya gidajen rediyo suna neman a saka ta domin masoyansu. Peter Buck ya taɓa ba da labarin yadda yakan hango masoya rungume da juna a cikin taro idan ana kaɗa ta, da yadda wasu kan gaya masa cewa ita ce waƙar da suka ɗauka tasu shi da abin ƙaunarsa, abin da ya ce yana ba shi mamaki matuƙa ganin yadda baitin yake gāba da soyayya. Waɗannan mutane sun ji ɗango na farko da na biyu da na huɗu, sun ji ihun amshi a matsayin wutar bege, na uku kuwa ya bi ta bayan kunnensu.

Rukuni na biyu su ne tsofaffin magoya bayan ƙungiyar da 'yan sharhin jaridu, waɗanda suka ce waƙar zambo ce da aka yi wa rigar yabo. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin ga ɗango na uku a fili, ga kuma bakin mai ita. A hirar da mujallar Musician ta buga a farkon 1988, Stipe ya bayyana waƙar da cewa mai tsananin ƙeta ce, kuma a fili take cewa magana ce a kan amfani da mutane ana watsarwa, a sake ɗaukar wasu. Daga baya ma ya ce ya yi shakkar ɗaukar ta a faifai saboda tsananin rashin tausayinta. Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa game da wannan rukuni. Sanin ma'anar "ainihi" ya zame wa da yawansu abin taƙama, wata alama da ke bambanta ɗan gida da baƙo. Mutanen da suka bi ƙungiyar tun tana wasa a ƙananan ɗakuna ba su ji daɗin ganin ta zama ta kowa da kowa ba, kuma dariyar da suke yi wa masoyan da suka ruɗu tana da alaƙa da wannan kishi. Wato dai su ma akwai abin da suke so su ji.

Fahimta ta uku ba ta yi ƙaurin suna kamar biyun farko ba, amma waƙar tana ɗauke da ita. Ita ce a ji waƙar a matsayin iƙirarin mai laifi. Mai cin zarafi da ke alfahari ba haka muryarsa take ba. Muryar Stipe a nan mai nauyi ce, kiɗan kuma yana bisa karin da Turawa ke dangantawa da baƙin ciki, ihun amshin ya fi kama da na wanda wuta ke ci fiye da na wanda ya kunna ta. Mai maganar ya san abin da yake yi, ya kira shi da sunansa, amma bai daina ba, kuma bai daina kiran abin da yake ji so ba. A wannan fahimta, ɗango na farko da na uku duk gaskiya ne a wurinsa: yana so iyakar yadda ya iya so, iyakar kuwa ita ce amfani da mutum. Wanda ya san rayuwar makaɗa masu yawo gari-gari, yau nan gobe can, zai iya ganin inuwarta a cikin wannan hoto.

5.0 DALILAN SAƁANIN FAHIMTA

Abu ne mai sauƙi a ce rukuni na farko ba su iya sauraro ba, a rufe magana. Amma mutanen nan Ingilishi ne harshensu na haihuwa, kalmomin kuma a fili aka furta su. Dole ne a nemi dalili da ya fi wannan.

Na farko, sunan waƙa alkawari ne. Kafin a ji ko da kalma ɗaya, suna ya riga ya gaya wa kunne abin da zai tarar. Da ɗango na farko ya zo ya gaskata sunan, sai hankali ya yanke hukunci ya tafi hutu. Waƙar ta aro tsarin maganar shirin gaishe-gaishe, mai sauraro kuwa ya san abin da ake faɗa a irin wannan shiri, saboda haka ya mayar da ita inda ya ga ta dace.

Na biyu, tsarin baitin kansa yana ɓoye wuƙar. Ɗango mai ɗaci guda ɗaya ne, an kuma kewaye shi da masu zaƙi gaba da baya. A waƙa, abin da aka fara da shi da abin da aka rufe da shi su suka fi zama a ƙwaƙwalwa. Maɗaci ne aka dulmuya cikin zuma, da gangan.

Na uku, wurin sauraro. Manazarci yana zama da takarda da alƙalami ya bi waƙa ɗango bayan ɗango. Mai sauraron rediyo kuwa yana tuƙi ne, ko yana aiki, ko yana hira. Abin da ke isa gare shi shi ne sautin jita da nauyin murya da 'yan kalmomin da aka fi maimaitawa. Ga shi kuma, kamar yadda aka ambata a baya, ƙungiyar da kanta ta shafe shekaru tana koya wa jama'a cewa kalmominta ba abin tsayawa a tantance ba ne.

Na huɗu, kuma mafi girma, buƙatar mai sauraro. An ce so hana ganin laifi, to ashe yana hana jinsa ma. Wanda zuciyarsa ke cike da begen wani yana neman kalmomin da zai faɗi abin da ya kasa faɗa. Ya sami waƙa wadda ba ta ambaci suna ko jinsi ba, ga gurbi a buɗe, sai ya saka hoton masoyinsa. Daga nan duk abin da bai dace da hoton ba kunne zai tace shi.

Wannan waƙa ba ita kaɗai ta gamu da haka ba. A 1983 ƙungiyar The Police ta Ingila ta fitar da "Every Breath You Take", wadda marubucinta Sting ya ce magana ce a kan kishi da sa ido, amma ta zama waƙar bikin aure. Ita kanta R.E.M. ta sake faɗawa irin wannan hali a 1991 da waƙar "Losing My Religion", wadda mutane suka ɗauka maganar barin addini ce, alhali karin magana ne na mutanen kudancin Amurka mai nufin ƙarewar haƙuri. Sai dai akwai bambanci. A waƙar 1991 rashin sanin karin maganar wani yanki ne ya jawo ruɗu, da an yi bayani an gama. A tamu waƙar kuwa ba abin da ke buƙatar ƙamus.

6.0 WA KE DA IKO DA MA'ANA?

Masana adabi sun daɗe suna wannan muhawara. A 1946 W. K. Wimsatt da Monroe Beardsley suka yi rubutu suna cewa niyyar marubuci ba ita ce ma'aunin da za a auna waƙa da shi ba, domin waƙa da ta fito ta zama ta jama'a. A 1967 Roland Barthes na Faransa ya wuce nan, ya shelanta mutuwar marubuci, ya miƙa ragama ga mai karatu. Wolfgang Iser na Jamus ya nuna cewa kowane matani yana da guraben da mai karatu ke cikewa. Shi kuwa Umberto Eco na Italiya, a farkon shekarun 1990, ya ja hankali cewa fassara tana da iyaka, domin ko an ajiye niyyar marubuci gefe, matanin kansa yana da abin da ya yarda da shi da abin da ya ƙi.

Idan aka ɗora waƙarmu a kan wannan sikeli, abu biyu za su fito.

Na farko, maganar Stipe ba ita ce alƙali ba. Shi ma mai sauraro ne a cikin masu sauraro, ko da yake kujerarsa tana gaba. Hasali ma bai tsaya a kan magana ɗaya ba. A 1987 ya gaya wa mujallar Rolling Stone cewa ya saba barin waƙoƙinsa a buɗe, kuma watakila ya fi kyau a bar mutane su ci gaba da ɗaukar ta waƙar soyayya. Mai son zargi zai ce ai dole ya faɗi haka, tun da ruɗun ne ya kai faifan lamba 9. Wannan zargi ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinsa ba, domin da wuya waƙar ta yi irin wannan kasuwa da kowa ya ji ɗango na uku tun ranar farko. Ko ma mene ne, wanda ya jingina fahimtarsa a kan hirar jarida kawai, to da an kawo wata hirar sai ya faɗi.

Na biyu, ajiye marubuci ba ya nufin kowace fahimta daidai ce. Fahimtar masoya tana tsayuwa ne kawai idan an jefar da ɗango guda daga kowane baiti, wato kashi ɗaya cikin huɗu na baitocin, kuma shi ne kaɗai ɗangon da ya motsa daga farkon waƙar zuwa ƙarshenta. Fahimtar da sai ta toshe kunne kafin ta rayu ba ta kai ga wadda ta ɗauki kalmomin duka ba. Ita ma fahimtar masu cewa zambo ne zalla ta bar wani abu a baya, domin ta ɗauki kalmomi ta yi watsi da murya da kiɗa, alhali waƙar baka ba a raba ta da rerawa. A ra'ayin mai wannan nazari, fahimta ta uku ce ta fi ɗaukar kaya, saboda ita ce ta sami wurin ajiye zaƙin da ɗacin da ihun gaba ɗaya.

Duk da haka, bai kamata a sallami masoyan nan da dariya ba, domin waƙar tana buƙatarsu. A habaici irin namu, wanda ake yi dominsa shi ne ya fi kowa ganewa, sai dai ba shi da bakin magana, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. A wannan waƙa abin ya juye, wanda ake yi dominsa shi ne bai gane ba. Mai maganar da ke cikin waƙar yana yaudara da daɗin baki, wanda ake yaudara yana jin abin da yake so ya ji, ya tsallake gargaɗin da aka furta a gabansa. Abin da ya faru tsakanin waƙar da mai sauraronta ke nan, ba ragi. Duk wanda ya aika wa masoyinsa ita ya shiga cikin wasan ba tare da ya sani ba, ya kuma tabbatar da abin da waƙar ke faɗa game da yadda irin wannan yaudara take cin nasara. Da kowa ya gane ta tun farko, da ta rasa rabin ƙarfinta.

A nan ne kuma rauninta yake. Wanda aka yi amfani da shi a cikin waƙar ba shi da murya. Ba mu san abin da ya ji ba, ba mu san abin da ya rasa ba. Ko macen da Mills ke ambata a bayan amshi, magana ake yi a kanta, ba ita ke yi ba. Waƙar ta nuna abuntarwa ta hanyar aikata ta, mai sauraro kuma ya kwana a cikin kan mai laifi daga farko har ƙarshe. Ana iya cewa wannan shi ne gwanintar, ana kuma iya cewa waƙar ta fi tausaya wa mai yankan fiye da wanda aka yanka. Mai wannan nazari yana ganin duka biyun suna nan, kuma wannan ne ya sa ba a fita daga sauraronta da kwanciyar rai.

7.0 KAMMALAWA

Bill Berry ya bar ƙungiyar a 1997, sauran ukun kuma suka rufe ta a watan Satumba na 2011. A yau kowa yana iya samun baitocin waƙar a intanet cikin ƙiftawar ido, kuma sunanta ya zama ruwan dare a jerin waƙoƙin da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Sirrin ya daɗe da fashewa, amma tambayar da ta tayar tana nan.

Wannan nazari ya yi ƙoƙarin nuna cewa ma'anar waƙa ba ta zama a bakin mawaƙi kaɗai, ba kuma a kunnen mai sauraro kaɗai ba. Akwai na uku a tsakaninsu, wato waƙar kanta da kalmominta da amonta, kuma ita ce shaidar da kowane ɓangare zai gabatar. Ga ɗalibai masu sha'awar rubuta waƙa, akwai darasi a cikin yadda sauya 'yan kalmomi a baitin ƙarshe ya ɗauki nauyin labarin da wani zai ɓata baiti talatin bai gama ba. Ga masu nazari kuwa, kada a yi saurin neman abin da mawaƙi ya faɗa wa 'yan jarida kafin a gama jin abin da ya faɗa a cikin waƙa. Mai shirin aika wa wani waƙa ta rediyo shi ma ya daure ya saurare ta har ƙarshe tukuna, musamman ɗango na uku.